Suwizalan: Ƙasar da mu ka zaga a cikin finafinan Indiya

Mai karatu, idan na ce maka ka san ƙasar Suwizalan, wataƙila ka ce, "Haba malam, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba?" To tsaya mu yi lissafi. Ka kalli 'Chandni'? Ka kalli 'Darr'? Ka kalli 'Dilwale Dulhania Le Jayenge', wanda ake taƙaita sunan sa da DDLJ? In dai ka kalli ko da ɗaya daga cikin su, to ka ga ƙasar da idon ka. Waɗannan korayen filaye da jarumi ke gudu a kai hannuwa a buɗe, jaruma na tafe gyalen ta na kaɗawa, ga fararen tsaunuka a bayan su, ga shanu masu ƙararrawa a wuya, yawancin su ba a Indiya su ke ba. Su na can tsakiyar Turai, tafiyar kusan awa tara a jirgin sama daga Mumbai.

Mu a nan in aka ambaci Suwizalan, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne bankunan da ake ɓoye kuɗin sata. Ba a manta da dala miliyan 321 na kuɗin Abacha da aka sa hannu a kan dawo da su a Disamba 2017 ba. Bayan wannan sai agogo da cakulan. Amma ni a wannan wata ina so mu leƙa wuraren ta na yawon buɗe ido, domin a matsayi na na mai sharhin fim na daɗe da lura da wani abu game da su: kusan duk wani wuri da ya yi suna a ƙasar, in ka bi salsala za ka tarar wani ne ya ba da labari a kan sa, ko dai da alƙalami ko da kyamara. Dutsen ya na nan tun fil azal, amma sai da aka ɗora masa labari sannan mutane su ka fara biyan kuɗi don su je su gan shi.

Ƙasar dai ƙarama ce. Faɗin ta murabba'in kilomita 41,285 ne, wato Jihar Neja ta kusa ninka ta biyu. Mutanen ta sun ɗan haura miliyan 9, ba su ma kai adadin da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano ba. Ba ta da gaɓar teku. Jamus da Faransa da Italiya da Ostiriya da wata 'yar mitsitsiyar ƙasa mai suna Liechtenstein ne su ka kewaye ta. Harsuna huɗu ta amince da su: Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Romansh. Fiye da rabin ƙasar tsaunukan Alps ne.

A da can waɗannan tsaunuka ba abin sha'awa ba ne. Abin tsoro ne ga matafiya, kuma alamar talauci ne ga mazauna wurin, don dutse ba ya nomuwa. Shi ya sa shekaru aru-aru samarin ƙasar su ke fita waje su yi aikin sojan haya. Har yau 'yan Suwizalan ne ke gadin Fafaroma, aikin da su ka fara tun 1506. Idan ka je birnin Luzern za a nuna maka wani zaki da aka sassaƙa a jikin dutse, kwance, mashi ya karye a haƙarƙarin sa. An kammala shi a 1821 don tunawa da ɗaruruwan sojojin Suwizalan da aka kashe a Faris ran 10 ga Agusta, 1792, su na kare fadar Sarkin Faransa lokacin juyin juya hali. Masu yawon buɗe ido su na ɗaukar hoto a gaban sa su na murmushi, alhali abin da ya ke tunatarwa shi ne lokacin da ƙasar ba ta da abin sayarwa sai jinin 'ya'yan ta.

To yaya aka yi dutsen da ya kori mutane ya koma shi ke kawo kuɗi? Marubuta ne su ka fara buɗe ƙofa, don haka masu karatun littattafai sai ku matso kusa. A bakin Tafkin Janiba akwai wata tsohuwar fada mai suna Chillon. A cikin kurkukun ta aka tsare wani malamin coci mai suna François Bonivard daga 1530 zuwa 1536. Kusan shekara 300 bayan haka, a 1816, wani mawaƙin Ingila, Lord Byron, ya ziyarci wurin, ya rubuta doguwar waƙa a kan fursunan. Daga nan Turawan Ingila su ka riƙa tururuwa don su ga ginshiƙin da aka ɗaure mutumin a jiki. Yau Chillon na cikin gine-ginen tarihi da aka fi ziyarta a ƙasar.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Sherlock Holmes, shahararren ɗan binciken nan na cikin littattafan Arthur Conan Doyle. Marubucin ya gaji da tauraron nasa, ya na son ya huta, sai ya kai shi wata magangarar ruwa mai suna Reichenbach, kusa da garin Meiringen, ya sa su ka yi kokawa da abokin gabar sa Moriarty har su ka faɗa ciki. An buga labarin a Disamba 1893. Masu karatu su ka yi ta ƙorafi, daga baya dole ya dawo da Holmes da rai. Yanzu a Meiringen akwai mutum-mutumin Holmes, akwai gidan tarihin sa da aka buɗe a 1991, akwai kuma allo a bakin magangarar da ke nuna inda aka yi kokawar. Ka duba fa, mutumin da ba a taɓa haifa ba, ga inda ya "mutu" an kafa alama, jama'a na zuwa daga ƙasashe su na jimami! Haka ma littafin 'Heidi' na Johanna Spyri, wanda ya fito kashi biyu a 1880 da 1881, labarin wata marainiya da ke zaune da kakan ta a kan tsauni. A 1974 Japanawa su ka mai da shi katun na talbijin, sai ga 'yan Japan su na cika ƙauyen Maienfeld don su ga "gidan" Heidi.

Ko Matterhorn, wannan tsauni mai tsini kamar dala wanda tsawon sa ya kai mita 4,478, labari ne ya fito da shi, sai dai na baƙin ciki. Ran 14 ga Yuli, 1865, wani Bature ɗan Ingila, Edward Whymper, da mutum shida su ka zama na farko da su ka hau ƙololuwar sa. Wajen saukowa ɗaya ya zame ya ja wasu, igiya ta tsinke, mutum huɗu su ka faɗa su ka mutu. Jaridun Turai su ka yi ta yayata abin, sai ƙauyen Zermatt da ke gindin tsaunin ya yi suna dare ɗaya. Tsinkakkiyar igiyar ta na nan a gidan tarihin garin, ana biya a kalle ta.

Amma kada in sa ka ɗauka labari kaɗai ya wadatar. Mutanen ƙasar sun yi wa labarin hanya. Misali mafi girma shi ne Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa da ta fi kowace tsawo a Turai, mita 3,454 daga doron teku. Wani attajiri, Adolf Guyer-Zeller, ya ƙudura sai jirgin ƙasa ya hau can. Aka fara aiki a 1896. Shi kan sa bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1899. Sai a 1912 aka buɗe layin, bayan an shekara 16 ana huda cikin duwatsun Eiger da Mönch, rami mai tsawon kusan kilomita 7. Leburori 30 su ka mutu a wajen, kusan dukkan su 'yan ci-rani daga Italiya. A 2019 sama da mutum miliyan ɗaya su ka hau wannan jirgi don su tsaya a kan ƙanƙara su hango Aletsch, kogin daskararriyar ƙanƙara mafi girma a tsaunukan Alps. Duk lokacin da na ga jarumi ya na rawa a irin wannan wuri nakan tuna cewa kyamara da janareto da mai kwalliya duk a jirgi su ka hau, kuma wasu talakawa ne su ka biya kuɗin hanyar da rayukan su.

Da zamanin fim ya zo, sai abin ya ƙara gaba. A kan tsaunin Schilthorn, mai tsawon mita 2,970, an fara gina wani gidan cin abinci mai juyawa, sai kuɗi su ka yanke. Ana cikin haka masu shirya finafinan James Bond su ka zo neman lokeshin na 'On Her Majesty's Secret Service', wanda ya fito a 1969. Su ka sa kuɗi aka ƙarasa ginin, su ka mai da shi maɓoyar mugun cikin fim ɗin. A cikin labarin sunan maɓoyar Piz Gloria. Da aka gama ɗaukar fim sai masu wurin su ka riƙe sunan, har yau da shi ake kiran sa. Wato a nan fim bai tsaya a tallata wuri ba, shi ya ƙarasa ginin kuma shi ya raɗa masa suna.

Sai mu dawo kan namu, wato Indiyawa. Raj Kapoor ne ya fara share fage da 'Sangam' a 1964, inda ango da amarya su ka zaga Turai har su ka biya ta Suwizalan. Amma wanda ya mai da ƙasar tamkar gidan sa shi ne marigayi Yash Chopra. Da farko Kashmir ya ke zuwa in ya na son dusar ƙanƙara da furanni, kamar yadda ya yi a 'Kabhi Kabhie' na 1976. Ya fara gwada Suwizalan a 'Faasle' na 1985. Da rikicin 'yan bindiga ya ɓarke a Kashmir a 1989, masu fim su ka ƙaurace wa yankin, sai Suwizalan ta zama madadin sa. A shekarar ne 'Chandni' ya fito, sai 'Darr' a 1993, sannan a Oktoba 1995 DDLJ ya fito, wanda ɗan sa Aditya Chopra ya ba da umarni. Ka ga ke nan soyayyar da mu ke kallo a kan ƙanƙara, yaƙi ne ya koro ta daga gida.

A DDLJ, Raj da Simran, wato Shah Rukh Khan da Kajol, sun taso daga Landan yawon zaga Turai. A tashar Zweisimmen jirgin ƙasa ya tafi ya bar su, daga nan su ka bi ta Saanen da Gstaad, har soyayya ta ƙullu. Ƙararrawar shanun nan da Simran ta rataye a ƙofar gida don Raj ya gani, ita ce tsarabar da ake sayar wa baƙi a kowane lungu na ƙasar. Fim ɗin ya shekara 30 ana nuna shi a silimar Maratha Mandir ta Mumbai, in ban da hutun da annobar korona ta tilasta. Sakamakon haka, 'yan Indiya masu hali su ka mai da Suwizalan wurin kai amarya. Su na zuwa gadar Saanen su tsaya daidai inda jaruman su ka tsaya. A kan tsaunin Titlis, wanda ake hawa da motar igiya mai juyawa, an kafa hoton Shah Rukh da Kajol mai tsawon mutum don baƙi su ɗauki hoto da shi. Akwai wani ƙaramin tafki, Lauenensee, da Indiyawa ke kira Tafkin Chopra.

Su kuma masu ƙasar ba su yi butulci ba. A 2011 garin Interlaken, wanda ke tsakanin tafkunan Thun da Brienz, ya naɗa Yash Chopra jakadan sa, kamfanin jirgin Jungfrau kuma ya sa wa wani jirgi sunan sa. Ya rasu ran 21 ga Oktoba, 2012, saura waƙa ɗaya da ya yi niyyar ɗauka a Suwizalan don fim ɗin sa na ƙarshe, 'Jab Tak Hai Jaan'. Ba a ɗauke ta ba. A Mayu 2016 aka buɗe mutum-mutumin sa na tagulla a Interlaken, ya na tsaye da kyamara. Baƙo, ɗan wata nahiya, mai sana'ar da wasu ke wa kallon shiririta, ga shi an kafa shi a tsakiyar garin Turawa saboda sun san abin da ya jawo masu.

Akwai wata rana da mu ke kallon 'Chandni' a tsakar gida tare da gwaggo na. Sridevi ta fito cikin sari shara-shara ta na juyi a kan tsauni, shi kuwa Rishi Kapoor ya na sanye da rigar sanyi mai kauri. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Oh ni 'yasu! Shi ya san da sanyi ya rufe jikin sa, ita 'yar mutane an bar ta a haka?" Kowa ya yi dariya, amma maganar ta ta fi ta masu sharhi da yawa. A lokacin da na ke karatun difloma, malamin mu na darasin ɗaukar hoto ya sha nanata mana cewa aikin kyamara biyu ne, ta nuna kuma ta ɓoye, kuma mai sharhi na ƙwarai shi ne wanda ke tambayar abin da aka bari a wajen firam. Gwaggo ba ta je makarantar boko ba, amma wannan tambayar ta yi.

To me aka bari a wajen firam game da Suwizalan? Na farko, mutanen ta. Ka sake kallon finafinan nan da kyau, ka ƙirga sau nawa ɗan ƙasar ya buɗe baki ya yi wata magana mai ma'ana. In ka gan shi, to ɗan sanda ne, ko mai shago, ko wani ne kawai ya gifta. Ƙasar labule ce da aka rataya a bayan masoya. Ba a damu da yadda makiyayin da ya mallaki shanun ya ke rayuwa ba, ƙararrawar kawai ake so.

Na biyu, nauyin da baƙi ke ɗora wa mazauna wurin. A bakin Tafkin Brienz akwai wani ƙauye, Iseltwald, mai mutane wajen 400. Wani fim mai dogon zango na Koriya ta Kudu, 'Crash Landing on You', da aka fara nunawa a ƙarshen 2019, ya sa jarumin sa ya kaɗa fiyano a kan wani ɗan dandamalin katako da ya shiga cikin tafkin. Bayan korona sai ga manyan motoci maƙare da masoya fim ɗin, su sauka, su ɗauki hoto, su juya, ba su sayi ko ruwan sha ba, sai dai su bar shara da cunkoso. A 2023 hukumar ƙauyen ta sa ƙofar ƙarfe a bakin dandamalin, sai ka biya faran 5 na kuɗin ƙasar kafin ka taka shi. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

Na uku, ita kan ta ƙanƙarar tafiya ta ke yi. Masu auna ta a ƙasar sun bayyana cewa a 2022 da 2023 kaɗai kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na girman su saboda ɗumamar yanayi. A Titlis har wasu fararen barguna ake shimfiɗa wa ƙanƙarar da bazara don kada ta narke. Ran 28 ga Mayu, 2025, kogin ƙanƙara na Birch ya rufto, ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten. Allah ya taimaka an kwashe mutanen garin, kimanin 300, kwanaki kafin faruwar abin, amma duk da haka an rasa rai ɗaya. Nan gaba tsofaffin finafinan Indiya za su iya zama shaidar yadda wasu wuraren su ke a da.

Na huɗu ya shafe mu kai-tsaye, musamman 'yan'uwa mata masu mafarkin zuwa. A ƙuri'ar raba-gardama ta Nuwamba 2009, 'yan ƙasar sun amince da hana gina sababbin hasumiyoyin masallaci. A Maris 2021 kuma su ka amince da hana rufe fuska a bainar jama'a, dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2025, kuma ba ta ware baƙi ba. Hijabi bai shiga ciki ba, amma mai niƙabi za a iya cin ta tara. Ba na faɗi wannan don in ɓata ƙasar ba ne. Gara dai mutum ya san inda za shi, domin ba za ka ji wannan a cikin waƙar fim ba.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, abin ya na burge ni, ya na kuma sa ni kishi. Industirin mu ta ɗauki waƙa da rawa daga Indiyawa, ta ɗauki gudu a cikin lambu da leƙe ta bayan bishiya. Mun sha ganin waƙoƙin da aka ɗauka a Tiga da kan duwatsun Jos. Abin da ba mu ɗauka ba shi ne sa wuri ya zama wani ɓangare na labarin. A DDLJ tashar jirgin ita ce ta haɗa masoyan, ƙararrawar ita ce saƙon da ke tsakanin su, shi ya sa ɗan kallo ke son ya je ya taɓa su da hannun sa. A namu kuwa sau da yawa in an cire dutsen an sa bangon falo, babu abin da zai ragu a labarin. Ko sunan wurin ba a cika rubutawa a ƙarshen fim ba.

Kuma fa ba baƙon ilimi ba ne a wurin mu. Rijiyar Kusugu ta Daura, in ka cire labarin Bayajida da macijiya, rijiya ce kamar kowace. Labarin ne ya sa ake niƙar gari a je a ɗebi ruwan ta. Kakannin mu sun san wannan dabara tun kafin a haifi Byron. Saboda haka kira na ga marubutan mu da daraktocin mu shi ne, in za ku kai masoyan ku gindin Dala ko bakin ruwan Wikki, ku sa wani abu ya faru a wurin wanda ba zai yiwu ya faru a wani wuri ba. Ku bar mai sayar da gurasar wurin ta yi magana, ku kuma faɗi sunan garin. Sannan ku tuna da mutanen Iseltwald, domin in labarin ku ya yi kyau baƙi za su zo, kuma masu garin ne za su kwana da su bayan kun naɗe kayan aiki kun tafi.

Kai kuma mai karatu, in ka sake zama kallon DDLJ, ka ɗan ɗauke ido daga kan Kajol na minti ɗaya ka dubi abin da ke bayan ta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.